Igiyar Ruɓaɓɓen Ganye

Ƙarfe shida da kwata, a gaɓar Gamkalle,
Hamani ya tokare jirgi da gora,
ni na duƙa da kwalabe goma sha biyu
waɗanda na wanke jiya har sau uku.
Ba a ɗiba a baki.
Sai an shiga tsakiya, inda kogi ke faɗin gaskiya.

Watan Janairu ne, jan ruwan damina ya daɗe da wucewa,
baƙin ruwa ya iso daga ƙasar Gine,
wata da watanni yana tafe,
ya kwana cikin burgu, ya jiƙa ganyen dajin da ban taɓa gani ba.
Na ɗaga kwalba ga rana:
launin shayi na uku, wanda ake ba yara.

Hamani ya ce, "Malama Dije, shekara biyu kina kwasar kogi.
In ci karfasa ko in bari?"
Na ce masa, "Bari in tambayo."

A Harobanda, a ɗakin awo mai ƙamshin sabulu da sanyi,
na tace ruwan da rariyar da ko ƙura ba ta ratsawa.
Laka ta tsaya. Launi ya wuce.
Wannan launin nake nema:
gawar ganye, gawar saiwa, kashin dorina,
abin da ya ruɓe har ya manta sunansa
amma bai manta riƙo ba.

Sai na fara ɗiga darma.
Ɗigo ɗaya. Na'ura shiru.
Na biyu, na biyar, na tara,
allura ko gezau,
kamar mai zuba tsaba a rijiya.
Ruwan na karɓa yana ɓoyewa,
hannuwa dubu da ido ba ya gani
suna cafke gubar, suna ɗaurewa.

A ɗigo na goma sha bakwai allura ta motsa.
Hannuwa sun cika.
Na rubuta lambar da jan biro,
wuta ta ɗauke,
na zauna cikin duhu ina riƙe da ita a ka.

Tagulla ta fi samun maraba, ana rungumarta da hannu biyu.
Tutiya, da yatsa ake kama ta, ko atishawa ka yi ta kuɓuce.
Kowane ƙarfe da irin ƙullinsa.
Kuma in na ƙara tsami kaɗan,
kwatankwacin abin da tsohon batir ke zubarwa a Gunti Yena,
sai ƙulli ya saki,
abin da aka ɗaure tun safe
ya fito yawo kafin la'asar.

Ran Talata na koma. Hamani na ɗinkin koma a inuwar jirgi.
Na ce, "Ka san gidan da ke da karnuka goma?
Baƙo ba ya tambayar yawansu.
Tambayarsa, nawa ne a sake."
Ya ce, "To, nawa ne?"
"Yau kaɗan ne. Igiya na da ƙarfi a wannan wata."
"In kogi ya janye fa, a bazara?"
Na dubi tsibirin yashin da ya fara leƙowa.
Ban ɗebi ruwan Mayu ba tukuna.

Ya yi dariya, ya ciji zare.
"Ashe shara ce ke gadinmu."

Da yamma na tsaya bisa gada,
babura na wucewa ta bayana,
wani ganyen ɗorawa, ko na wace bishiya ce oho,
yana juyi a ƙasa, ya yi baƙi, ya kusa narkewa.
Littafina na da lambarsa, har da ɗigo biyu bayan waƙafi.
Abin da ban iya aunawa ba
shi ne ranar da zai gaji.